Ƙwallo da Jakadanci: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Wasanni Ke Shiga Tsakanin Ƙasashe

Duk lokacin da aka hana wata ƙasa shiga gasa, ko aka hango shugabanni biyu da ba sa ga-maciji zaune wuri ɗaya a filin wasa, sai gardama ta kaure a gidajen kallo da teburin mai shayi. Wani ya ce ba ruwan ƙwallo da siyasa, wani ya ce ai siyasar ce tsagwaronta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi jin ana maimaitawa. Na daɗe ina bibiyar lamarin, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin galibi masu zubar da gumi a fili ba su ne ke yanke hukuncin da ya shafe su ba.

Me ake nufi da diflomasiyyar wasanni?

Amfani da wasa ne wajen isar da saƙo daga ƙasa zuwa ƙasa. Wani lokaci saƙon na neman shiri ne, a gayyaci 'yan wasan abokan gaba a karrama su. Wani lokaci na fushi ne, a ce ba za mu taka fili ɗaya da ku ba. Akwai kuma na neman suna, inda ƙasa za ta kashe maƙudan kuɗi ta karɓi baƙuncin gasa don duniya ta san da zamanta.

Gwamnatoci na son wannan hanya saboda tana da mafaka. Idan shugaba ya aika ministansa aka ƙi saurarensa, ƙasar ce aka ci wa fuska. Idan kuwa 'yan wasa ya tura, abin bai yi armashi ba, sai a ce ai yara ne suka je wasa suka dawo. In ya yi kyau, a ɗora a kai. Fakewa da guzuma ne a harbi karsana, kuma ba laifi ba ne idan karsanar da ake hari zaman lafiya ce.

Wane misali aka fi kafa hujja da shi?

Na ƙwallon tebur tsakanin Sin da Amurka. Tun 1949, lokacin da Mao Zedong ya kafa gwamnatin gurguzu a Beijing, ƙasashen biyu ba su da hulɗar jakadanci, kuma sojojinsu sun gwabza a yaƙin Koriya. A watan Afrilun 1971 ana gasar ƙwallon tebur ta duniya a birnin Nagoya na Japan, sai wani matashin ɗan wasan Amurka mai suna Glenn Cowan ya rasa motar tawagarsu, ya faɗa motar 'yan Sin. Kowa ya yi tsit, domin ba a saba hulɗa da Ba'amurke ba. Can sai Zhuang Zedong, zakaran duniya har sau uku, ya taso daga bayan mota ya gaishe shi, ya ba shi kyautar wani ƙyallen siliki mai hoton duwatsun Huangshan. Da suka sauka 'yan jarida suka ɗauki hotonsu tare.

Cikin 'yan kwanaki Beijing ta aika da goron gayyata. Ranar 10 ga Afrilu tawagar Amurka ta shiga Sin ta Hong Kong, Firaminista Zhou Enlai ya karɓe su da kansa. A watan Yuli Henry Kissinger, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, ya lallaɓa Beijing a asirce ta hanyar Pakistan, a Fabrairun 1972 Shugaba Richard Nixon ya kai ziyara. Cikakkiyar hulɗar jakadanci sai a farkon 1979 aka ƙulla ta.

Ke nan wasan ne ya sasanta su?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ruwa ba ya tsami banza. Sin ta yi arangama da Tarayyar Sobiyet a kan iyaka a 1969, tana neman wanda za ta jingina da shi. Amurka kuwa ta maƙale a Biyetnam tana neman mafita, tana kuma son raba kan manyan ƙasashen gurguzu biyu. Tun kafin Nagoya saƙonni na kai-komo a ɓoye ta hannun Pakistan da Romaniya. Abin da ƙwallon tebur ta yi shi ne ta nuna wa talakawan ƙasashen biyu, waɗanda aka shafe shekara ashirin ana koya musu ƙin juna, cewa ɗaya ɓangaren ma mutane ne masu murmushi. Ba ƙaramin aiki ba ne wannan, amma shawarar an riga an yanke ta a fada.

Inda ba a yanke ta ba, wasa ba ya iya ɗaukar kayan shi kaɗai. Koriya ta Arewa da ta Kudu sun haɗa tawaga ɗaya ta ƙwallon tebur a 1991, matansu suka doke Sin suka ɗauki zinare. Sun yi maci ƙarƙashin tuta ɗaya a Olamfik na Sidni a 2000. A Fabrairun 2018 ƙanwar Kim Jong Un ta halarci buɗe gasar hunturu a Pyeongchang, aka yi taron shugabannin biyu a Afrilu, sannan Kim ya gana da Donald Trump a Singafo a Yuni. Da tattaunawar makaman nukiliya ta watse a Hanoi a 2019, komai ya koma gidan jiya, har Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓa na Kaesong da nakiya a 2020. Haka Turkiyya da Armeniya: Abdullah Gul ya je kallon ƙwallo a Yerevan a 2008, takwaransa Serzh Sargsyan ya rama ziyara a Bursa a 2009, an sa hannu a yarjejeniya a Zurich, amma majalisun ƙasashen ba su taɓa amincewa da ita ba.

Indiya da Pakistan kuwa kurket ne ma'aunin zafin jikinsu. Shugaban Pakistan Janar Zia ul-Haq ya je kallon wasa a Jaipur ta Indiya a 1987 ana tsaka da jan daga a kan iyaka, hankula suka kwanta. Firaministocin ƙasashen biyu sun zauna tare a Mohali a 2011. Amma da Pakistan ta karɓi baƙuncin wata babbar gasa a 2025, Indiya ta ƙi zuwa, sai a Dubai ta buga wasanninta.

Mu a ƙasar Hausa mun san irin wannan, ko abin Turawa ne?

Mun san shi tun kafin a raɗa masa suna. Bikin kamun kifi na Argungu da ake alfahari da shi, asalin shaharar sa sulhu ne. Kabawa da Sakkwatawa sun yi kusan ƙarni guda suna zaman doya da manja tun zamanin jihadi. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su a Matan Fada don girmamawa. Daga nan bikin ya ɗore, da kabanci da kokawa da dambe, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sarakunan biyu su suka yi niyyar shiri, wasan kuma ya kai labarin ga masunta da manoma ta yadda takarda ba za ta iya ba.

A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta fara gasar kokawa ta takobi a Tawa a 1975, Yacouba Kantou na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. Yau jihohi takwas ne ke karawa, kowace shekara a gari daban, kuma babu wani taro da ke haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu a gaban rediyo ɗaya kamar wannan. A Najeriya ma, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Yakubu Gowon ta ƙirƙiro bikin wasanni na ƙasa a Legas a 1973 don matasan da yaƙi ya raba su sake haɗuwa.

Ni kaina na taso ina ganin wani abu a ƙauyen kakannina da ke bakin iyaka. Idan kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, sai 'yan kokawa su tsallako daga ɓangaren Maraɗi da makaɗansu, wasu a kan babur, wasu a ƙasa. Da la'asar sakaliya a share fili, yara su haye bishiya, tsofaffi su shimfiɗa buzu a gaba. Ɗan kokawa zai shigo ɗaure da layu da guraye, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafinsa, maroƙi na zuba masa kirari. Wanda ya yi kaye, a kan goshinsa za ka ga naira da sefa sun haɗu wajen liƙi, ba mai tambayar wace ƙasa ce ta buga kuɗin. Da dare a raba baƙin gida-gida, kuma a nan ake warware maganar saniyar da ta ɓata ta tsallaka, da bashin da aka daɗe ana bi, har da neman aure. Shekarar 2023, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai, filin nan ya kwana shiru. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ba kayen nake kewa ba, mutanen nake kewa." Ban manta da wannan magana ba.

Wace gudummawa Afirka ta bayar a wannan fage?

Babba, kuma a ganina ita ce mafi nasara a tarihin lamarin baki ɗaya: yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu ta hanyar ƙin wasa da su.

Abin ya faro tun ranar farko. Ƙasashe huɗu ne suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, a Khartum a 1957: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Da aka zo gasar farko, Afirka ta Kudu ta ce ko dai ta kawo tawagar farare zalla ko ta baƙaƙe zalla, ba za ta cakuɗa ba. Sauran ukun suka ce to ki zauna a gida. A lokacin yawancin nahiyar na ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, amma waɗannan mutane suka tsaya kai da fata. An hana ƙasar zuwa Olamfik na Tokyo a 1964, kwamitin Olamfik na duniya ya kore ta a 1970, FIFA ta kore ta a 1976.

Sai dai akwai wasan da Turawan Afirka ta Kudu suka fi so fiye da komai, wato ƙwallon zari-ruga, kuma Niyu Zilan ta ci gaba da buga shi da su. A Yunin 1976 'yan sanda suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto, jinin bai bushe ba tawagar Niyu Zilan ta fara rangadin wasanni a ƙasar. Ƙasashen Afirka suka buƙaci a hana Niyu Zilan shiga Olamfik na Montreal. Kwamitin ya ƙi, ya ce zari-ruga ba ya cikin wasanninsa. Sai ƙasashe fiye da 20 suka janye, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Cadi da Sudan. Ɗan Najeriya ne, Abraham Ordia, ke shugabantar majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin, shi da sakatarensa Jean-Claude Ganga na Kwango Brazabil suka ja ragamar. Shekara ɗaya bayan haka ƙasashe rainon Ingila suka amince da yarjejeniyar Gleneagles ta yanke hulɗar wasanni da gwamnatin wariya. Najeriya ta ƙaurace wa wasannin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a Edmonton a 1978, sannan a 1986 ƙasashe 32 suka ƙi zuwa Edinburgh saboda Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ƙi amincewa da ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumin tattalin arziki.

Me ya sa wannan ya yi tasiri? Don an taɓa mutanen a inda yake musu ciwo, an kuma daɗe ana taɓawa, fiye da shekara talatin, ba na rana ɗaya ba. Buƙatar ma a fili take: ku bar baƙi da fari su yi wasa tare. Ƙauracewar kuma ba ita kaɗai ta tafi ba, ta tafi tare da takunkumi da yajin aiki da gwagwarmayar mutanen ƙasar da suka ba da rayukansu. Nelson Mandela ya san darajar abin da aka hana su. Da ƙasar ta karɓi gasar zari-ruga ta duniya a 1995, ya shigo filin Ellis Park sanye da rigar tawagar da baƙaƙe suka tsana shekara da shekaru, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofi.

Akwai kuma ƙauracewar 1966. FIFA ta ware wa Afirka da Asiya da yankin Ostareliya gurbi ɗaya tak su raba a gasar cin kofin duniya ta Ingila. Ohene Djan na Ghana, da goyon bayan Kwame Nkrumah, da Ydnekatchew Tessema na Habasha suka jagoranci janyewar ƙasashen Afirka 15. Wanda ya fi kowa zura ƙwallo a wannan gasa, Eusebio, haifaffen Mozambik ne da ke buga wa Fotugal. A 1970 Afirka ta sami gurbinta na kanta, Maroko ta wakilce ta.

To wa ke ɗaukar asarar ƙauracewa?

Ɗan wasa. Wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Minista zai yi jawabi ya koma ofis, amma ƙuruciyar ɗan tsere ba ta dawowa. A 1976 'yan wasan Afirka da yawa sun riga sun sauka a Montreal, wasu har sun fara karawa, aka ce su haɗa kayansu. Tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya na cikinsu. Filbert Bayi na Tanzaniya, mai riƙe da bajintar duniya a tseren mita 1500, bai sami karawa da John Walker na Niyu Zilan ba, Walker ya ɗauki zinare. John Akii-Bua na Yuganda bai kare kambunsa na 1972 ba. Duk da haka ina ganin sadaukarwarsu ta yi ma'ana, domin an yi ta ne don yaran Soweto.

Wadda ba ta yi ma'ana ba ita ce ta 1996. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwambar 1995, Mandela ya soki gwamnatin Janar Sani Abacha da kakkausar murya, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Sai gwamnati ta hana Super Eagles zuwa gasar cin kofin Afirka a Afirka ta Kudu, ta ce don tsaron lafiyarsu. Su ne ke riƙe da kofin tun 1994. CAF ta hukunta ƙasar, ba ta buga ta 1998 a Burkina Faso ba. Ku duba irin tawagar: Kanu, Okocha, Amokachi, Oliseh, Amunike, waɗanda a shekarar nan suka doke Brazil da Ajantina suka ɗauki zinare a Atlanta, ga su Tijjani Babangida da Garba Lawal na tasowa. Gasa biyu suka rasa suna kan ganiyarsu, ba don wata manufa da za a nuna wa jikoki ba, sai don fushin mutum biyu.

Me ya sa ƙauracewa Olamfik na Mosko ba ta yi aiki ba?

Don ba a janye sojoji saboda tsere. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a Disambar 1979, Shugaban Amurka Jimmy Carter ya nemi duniya ta ƙaurace wa gasar 1980. Ƙasashe fiye da 60 ba su je ba, Nijar na cikinsu, amma sojojin ba su fita ba sai 1989. Mosko kuma ta rama a 1984, ita da ƙawayenta suka ƙi zuwa Los Angeles.

Carter ya turo Muhammad Ali Afirka don ya jawo ra'ayi: Tanzaniya, Kenya, Najeriya, Laberiya da Senegal. Julius Nyerere ya ƙi ganinsa. 'Yan jarida suka tambayi Ali inda Amurka take lokacin da Afirka ta ƙaurace wa Montreal, tambayar da ta girgiza shi sosai. Najeriya ta je Mosko.

Gaskiya ne Pele ya tsayar da yaƙin basasar Najeriya, Drogba kuma ya tsayar da na ƙasarsa?

Santos ta Pele ta zo Najeriya a farkon 1969, ta buga a Legas da Binin. Amma biranen biyu suna hannun gwamnatin tarayya ne, nesa da fagen daga, kuma waɗanda suka bi diddigin jaridun lokacin ba su ga labarin tsagaita wuta ba. Yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Na Drogba ya fi tushe. A Oktobar 2005 Kwaddibuwa ta doke Sudan da ci 3 da 1 a Omdurman, a daidai lokacin Kamaru ta zubar da fenareti a wasanta da Masar, sai Kwaddibuwa ta sami gurbin kofin duniya karon farko. A ɗakin sauya kaya Drogba ya karɓi makirufo, 'yan wasan Musulmi da Kirista, na arewa da na kudu, suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai. A Yunin 2007 aka kai wasansu da Madagaska Bouaké, cibiyar 'yan tawaye, suka ci 5 da nema, sojojin ɓangarorin biyu na kallo a fili ɗaya. Sai dai yarjejeniyar sulhun an ƙulla ta ne a Wagadugu tun watan Maris, kuma bayan zaɓen 2010 yaƙi ya sake ɓarkewa. Abin da Drogba ya yi jarumtaka ce, ya kuma sanyaya zukata. Ɗora masa abin da ya fi haka rashin adalci ne gare shi.

Wasa na iya haddasa rikici?

Yana iya tono wanda ke kwance. Ana yawan ambaton yaƙin kwana huɗu na El Salbado da Honduras a Yulin 1969, bayan wasannin neman gurbin kofin duniya, amma rigimar ta filayen noma ce da korar baƙin haure.

Kusa da mu, a Nuwambar 2009 an jefi motar 'yan wasan Aljeriya a Alƙahira, aka je wasan raba gardama a Omdurman, Aljeriya ta ci ɗaya mai ban haushi, Masar ta kira jakadanta gida. Maroko da Aljeriya sun yanke hulɗa a 2021. A 2023 Maroko ta ƙi zuwa gasar 'yan wasan cikin gida a Aljeriya saboda ba a ba jirginta izinin tashi kai tsaye ba, a 2024 kuma wasan Berkane ta Maroko da USM Alger ta Aljeriya ya watse saboda taswirar Maroko da ke jikin rigar Berkane, wadda ta haɗa da Yammacin Sahara.

Mu ma mun ɗanɗana. A Oktobar 2024 aka karkatar da jirgin Super Eagles daga Bengazi zuwa filin jirgi na Al Abraq, aka bar su fiye da sa'o'i 12 a kan kujeru. 'Yan Libiya sun ce su ma an wahalar da su a zuwansu Uyo. Tawagar ta ƙi bugawa ta dawo gida, ma'aikatar harkokin waje ta kira wakilin Libiya don bayani, CAF ta ba Najeriya maki uku da ƙwallo uku, ta ci tarar Libiya dala 50,000. Abin da ya fi tayar mini da hankali a kwanakin nan shi ne 'yan'uwanmu masu ƙwadago a Libiya, domin su ne a hannu idan zukata suka hasala.

Me ya sa Sin ke gina mana filayen wasa?

Don filin wasa kyauta ce da kowa ke gani. A Afirka sun fara da na Zanzibar a 1970. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai aikinsu ne, haka filin Alassane Ouattara da aka buɗe gasar kofin Afirka a cikinsa a Janairun 2024. Abin da suke nema a sarari yake: kasuwa, ma'adinai, ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, da juya wa Taiwan baya. Kosta Rika ta yanke hulɗa da Taiwan a 2007, a 2011 ta buɗe sabon fili da Sin ta gina mata. Ban ga laifin karɓa ba. Laifin namu ne idan aka yanke ƙyalle aka watse, ciyawa ta mutu, fitilu suka lalace, har hukuma ta ce filin bai cancanci wasan ƙasa da ƙasa ba.

Kuɗin da Katar da Saudiyya ke zubawa a wasanni, wanke suna ne?

Akwai wannan a ciki, amma ba shi ke nan ba. Katar ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya, kuma ta fahimci cewa ƙasar da duniya ta sani tana da wuyar haɗiyewa. Maƙwabtanta sun rufe mata iyaka daga 2017 zuwa 2021. Ranar buɗe kofin duniya a Nuwambar 2022, ga Yarima Muhammad bin Salman a wurin, ga Erdogan da Sisi suna musabaha bayan shekaru na gaba. Saudiyya ta sayi Newcastle a 2021, ta kawo Ronaldo Al Nassr, ƙungiyar da Ahmed Musa ya taɓa bugawa, ta kuma sami kofin duniya na 2034. Ruwanda ta fara tallata kanta a hannun rigar Arsenal a 2018, har Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta rubuta wa ƙungiyoyin Turai a 2025 tana neman su yanke wannan hulɗa saboda yaƙin gabashin ƙasarta.

Tambayar haƙƙin leburorin da suka gina filayen Katar tambaya ce ta gaskiya, kuma cikinsu akwai 'yan Afirka. Dole a yi ta. Amma laifi tudu ne: masu yin ta da ƙarfi daga Turai ba su cika waiwayar tarihin nasu gasannin ba.

Abin da kuɗi ba su saya ba a gasar nan shi ne abin da na gani a wani gidan kallo a Kano ranar da Maroko ta fitar da Fotugal. Yaran da kullum suke rantsuwa da Ronaldo, da En-Nesyri ya tashi sama ya sa ƙwallon da ka, sai benci ya kife. Da aka tashi, aka nuno 'yan wasan sun yi sujada, Boufal na rawa da mahaifiyarsa a tsakiyar fili, wani mai gyaran waya kusa da ni ya share hawaye da hularsa. Babu jakadan da zai iya sama wa Maroko wannan soyayya.

FIFA da kwamitin Olamfik na cewa ba ruwansu da siyasa. Haka ne?

Ba haka ba ne. An cire Yugoslabiya daga gasar Turai ta 1992 saboda takunkumin Kwamitin Sulhu, Denmark da ta maye gurbinta ta ɗauki kofin. An dakatar da Rasha kwana huɗu kacal bayan ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022. A Maris 2023 aka ƙwace gasar 'yan ƙasa da shekara 20 daga Indunusiya bayan gwamnan Bali ya ƙi karɓar tawagar Isra'ila, aka mayar da ita Ajantina. Falasɗinawa kuwa sun yi ta kai ƙara kan Isra'ila a zauren FIFA ana ɗage maganar. Duk wanda ya jera waɗannan zai ga cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne. Ni ba na neman su fita daga siyasa, don ba zai yiwu ba. Ina neman su rubuta doka ɗaya su bi ta a kan kowa.

Me Najeriya da Nijar za su iya yi da wannan?

Su dubi Maroko. Tun da ta koma Tarayyar Afirka a 2017, ta buɗe filayenta ga ƙasashen da nasu ba su cika sharaɗi ba, Mena ta Nijar ma ta buga wasanninta na gida a can. Masauki da fili da ciyawa mai kyau take bayarwa, tana girbar abokai.

Mu abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gwamnatocin biyu na kallon juna a kaikaice, amma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma kokawa da dambe da sukuwa ba sa buƙatar tafinta tsakanin Sakkwato da Tawa, ko Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ko Kabi da Doso. Gwamnonin jihohin iyaka da sarakuna za su iya tsayar da gasar kaka ta shekara-shekara, bana a wannan ɓangare, baɗi a wancan, a yi wa 'yan wasa da makaɗansu takardar wucewa ta mako guda, a sa wa jami'an iyaka sunayensu tun da wuri don kada a tsare su a shinge. Filayen kokawa suna nan a Maraɗi da Damagaram da Doso, gidajen dambe suna nan a Kano da Sakkwato, gidajen rediyon ɓangarorin biyu kuma da harshe ɗaya suke watsa shiri.